Tambayoyi da Amsoshi Kan Dokokin Aika Giyar Inabi Kai Tsaye Zuwa Gidan Mai Saye a Amurka

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga mutanenmu mazauna Amurka: masu aikin kai kaya gida-gida, ma'aikatan rumbunan ajiya da kantuna, da ɗaliban lauya waɗanda ke cin karo da shari'o'in giya a darasin tsarin mulki. Hukuncin addini kan giya sananne ne, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ke nan bayani ne kan dokar ƙasar da ake zaune a cikinta.

Me ake nufi da aika giyar inabi kai tsaye, kuma me ya sa har ya zama maganar doka?

Ana nufin kamfanin da ya matse inabin ya ɗura a kwalba ya sayar wa mai sha da kansa, ta intanet ko ta waya ko a ɗakin ɗanɗano na gonarsa, sannan ya sa a kwali ya ba UPS ko FedEx su kai masa har ƙofar gida. Da takalmi ne ko littafi, da ba wanda zai ɗaga ido. Amma giya a Amurka tana da hanyar da aka shata mata: mai yi ya sayar wa babban dila, dila ya sayar wa mai kanti ko gidan abinci, shi kuma ya sayar wa mai sha. Aikawa kai tsaye tsallake hawa biyu ne a cikin ukun, shi ya sa sai da izini na musamman.

Akwai doka ɗaya ta tarayya da ta shafi dukkan ƙasar?

Babu, kuma nan ne mafi yawan ruɗanin yake. Daga watan Janairun 1920 Amurka ta haramta yi da sayar da giya a duk faɗin ƙasar, bisa gyara na 18 da aka yi wa kundin tsarin mulki. Haramcin bai tsinana abin da aka so ba sai fasa-ƙwauri da 'yan daba, don haka ran 5 ga Disamba 1933 aka soke shi da gyara na 21. Sashe na biyu na wannan gyara ya ce haramun ne a shigar da giya cikin wata jiha ta hanyar da ta saɓa wa dokar jihar. Da wannan jimla ɗaya aka miƙa wa kowace jiha mabuɗin ƙofarta.

Tarayya tana da nata ɓangaren. Hukumar TTB da ke ƙarƙashin ma'aikatar baitulmali ita ke ba kamfani izinin yin giya, ta amince da rubutun jikin kwalba, ta karɓi harajin tarayya. Amma ko kwali zai iya sauka a wani gida, wannan dokar jihar mai karɓa ce ke faɗa. Dokar jihar da gonar take ba ta isa ta buɗe wa kowa ƙofar wata jiha ba.

Daga ina tsarin hawa ukun ya fito?

Kafin haramcin 1920 manyan kamfanonin giya su ke da mashayu da yawa, ko kuma sun ɗaure masu mashayun da bashi. Mai mashaya ba shi da aiki sai ɗura wa mutane giyar ubangidansa ko ta halin ƙaƙa, ubangidan kuwa yana can wani gari, bai san ma an yi maye da faɗa a unguwar ba. Da aka dawo da giya a 1933, jihohi suka ce ba za a koma gidan jiya ba, suka sa dila a tsakiya don ya raba mai yi da mai sayarwa, kuma ya zama wuri guda da za a tare haraji. Jihohi 17 ma sun ɗauki dillancin da kansu, aƙalla na giya mai ƙarfi, irin su Pennsylvania da Utah.

Matsalar ta taso ne da gonakin inabi suka yawaita. A yau kamfanonin giyar inabi a Amurka sun haura 11,000, mafi yawansu ƙanana, yayin da dilolin suka yi ta haɗewa har 'yan ƙalilan, irin su Southern Glazer's, suka mamaye kasuwar. Kamar a hana manomi sayar da geronsa sai ta hannun dillali, dillalin kuma ya ce ba ya ɗaukar ƙasa da tirela. Ƙaramin kamfani da bai samu dila ba, ba shi da hanyar fita daga jiharsa sai kwalin da zai aika da kansa. Kalifoniya ce ta fara neman mafita a 1986 da dokar ba-ni-in-ba-ka: duk jihar da ta bar kamfanonin Kalifoniya su aiko, ita ma za ta bar nata su aika.

Wace shari'a ce ake ta ambato, Granholm da Heald?

Ita ce ta sauya komai. Jihar Mishigan ta bar kamfanonin cikin gida su aika wa mutane giya kai tsaye, ta hana na waje. Niyok kuma ta ce na waje zai iya, amma sai ya buɗe reshe a cikin jihar, sharaɗin da ƙaramin kamfani ba zai iya cikawa ba. Masu saye a Mishigan da ƙananan kamfanoni, ciki har da na Juanita Swedenburg ta jihar Virginia, suka kai ƙara. Sunan Granholm na gwamnar Mishigan ce a lokacin, Jennifer Granholm, Heald kuma na ɗaya daga cikin masu ƙarar ne.

Ran 16 ga Mayu 2005 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka rinjayi 4, Mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta. Ta ce gyara na 21 ya ba jihohi iko kan giya, amma bai ba su lasisin fifita ɗan gida a kan baƙo ba, domin sashen kasuwanci na kundin ya hana jihohi kafa wa juna shinge. Jihohin sun kawo hujjar kare yara da tara haraji, kotu ta ce ana iya cimma duka biyun ba tare da nuna bambanci ba.

A lura da abin da hukuncin bai faɗa ba, don mutane da yawa suna ɗora masa abin da babu. Bai ce kowane Ba'amurke yana da haƙƙin a aiko masa giya ba. Cewa ya yi a daidaita: ko a buɗe wa kowa, ko a rufe wa kowa. Kuma ya jaddada cewa tsarin hawa uku halal ne a idon doka, maganar da ta zama makami a hannun jihohi daga baya (duba tambayar kantuna).

To yanzu kowace jiha ta buɗe ke nan?

Kusan duka, amma a hankali, kamar ana ja musu wuya. Massachusetts ta buɗe a farkon 2015, Pennsylvania a 2016, Oklahoma a 2018, Kentucky a 2020, Alabama a 2021, Mississippi sai 2025, ita da dama sai 1966 ta janye nata haramcin. Utah har yanzu ƙofarta a rufe take. Wanda ke son wata giya can sai ta biyo ta kantin gwamnatin jiha.

Waɗanda suka buɗe ma wasu rabin ƙyaure suka buɗe. A Rhode Island sai mai saye ya je gonar da ƙafarsa ya yi ciniki sannan a aiko masa. New Jersey ta ce kamfanin da ke yin fiye da galan 250,000 a shekara ba zai aika ba, adadin da ya isa ya tare manyan Kalifoniya ba tare da ya taɓa yawancin na gida ba. Massachusetts ta taɓa gwada irin wannan dabara da iyakar galan 30,000, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta rushe ta a 2010. Ban da haka, a cikin jiha ɗaya akwai gundumomi da ƙauyukan da suka zaɓi hana giya a yankinsu, musamman a kudancin ƙasar da kuma Alaska, kuma a wurare da dama adireshin da ya faɗa can ba a aika masa.

Me kamfani zai yi kafin ya aika kwalba ɗaya?

Sai ya nemi lasisin mai aikawa a kowace jiha daban, ya biya kuɗinsa, ya riƙa sabuntawa. Wasu jihohin suna son a yi wa kowane nau'in kwalba rajista, wasu suna son kuɗin jingina. Sannan ya tara wa jihar harajinta na giya da na ciniki, ya riƙa aika rahoto duk wata ko duk bayan wata uku, ɗauke da sunan wanda aka aika wa da adireshi da adadi. Ka ɗauki ma'aikaciya guda a ofishin wata ƙaramar gona a kwarin Napa na Kalifoniya: oda ta shigo daga Houston, kafin ta manna takarda a kwali sai ta tabbatar lasisin Teksas bai mutu ba, ta duba galan nawa aka riga aka aika wa mutumin a watan, ta lissafa harajin garin, ta tantance shekarunsa. Oda ta gaba daga Philadelphia ce, a jihar Pennsylvania, komai ya sake sabo. Shi ya sa aka samu kamfanonin manhaja da ba su da sana'a sai wannan lissafi.

Harajin kansa ya bambanta ƙwarai. Na tarayya dala 1 da santi 7 ne kan kowane galan na giyar inabi marar kumfa wadda ƙarfinta bai wuce kashi 16 cikin 100 ba. Kalifoniya tana ɗora santi 20, Filorida dala 2 da santi 25, Pennsylvania kuma dala 2 da rabi kan wadda aka aiko kai tsaye.

Akwai iyaka kan yawan da za a aika wa mutum ɗaya?

A mafi yawan jihohi akwai. Ana lissafi da kwali mai kwalba 12, wato lita 9. Niyok da Pennsylvania sun yarda da kwali 36 a shekara, Virginia kwali 2 a wata, Minnesota kwali 2 kacal a shekara daga kamfani ɗaya. Teksas da galan take awo: 9 a wata, 36 a shekara. Kalifoniya ba ta sa iyaka ba. Sharaɗin da ke ko'ina shi ne na shan mutum ne, ba na sake sayarwa ba.

Me ya sa gona za ta iya aikowa daga wata jiha amma kanti ba zai iya ba?

Wannan ne filin dagar da ake kai yanzu. Jihohin da suka yarda kantin wata jiha ya aiko wa mutanensu goma sha wani abu ne kawai. Masu kantuna sun ce hukuncin Granholm ya kamata ya haɗa da su, kuma sun sami ƙwarin gwiwa a watan Yunin 2019, lokacin da Kotun Ƙoli, alƙalai 7 da 2, ta rushe dokar Tennessee da ta ce sai mutum ya yi shekara biyu a jihar kafin a ba shi lasisin kantin giya. Mai shari'a Samuel Alito ya nuna cewa hana nuna bambanci bai tsaya kan masu yin giya kaɗai ba.

Sai dai kotunan ɗaukaka ƙara ba su ja zaren har inda masu kantuna suka so ba. A ƙarar da kamfanin Lebamoff na Indiana ya kai Mishigan, wadda aka yanke a 2020, da makamantanta kan Missouri a 2021 da North Carolina a 2022, jihohi ne suka yi nasara. Hujjarsu ita ce kanti hawa na uku ne na tsarin jiha, in aka bar na waje ya aiko da kayan da bai bi ta hannun dilan jihar ba, tsarin ya rushe. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron waɗannan ƙararraki uku. A ganina hujjar tana da rauni, tunda an riga an bar gonaki suna tsallake dilan kuma sama ba ta faɗo ba, amma haka hukuncin yake.

Giyar Faransa ko Italiya fa, ana iya aiko ta kai tsaye daga can?

A'a. Lasisin mai aikawa galibi na kamfanonin cikin Amurka ne. Giyar waje sai ta shigo ta hannun ɗan kasuwa mai izinin shigo da kaya daga tarayya, ta bi ta dila ta isa kanti. Saboda haka duk jihar da ta hana kantunan waje aikowa, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata, ta rage wa mutanenta zaɓi ne zuwa abin da dilolin jihar suka ga damar ɗaukowa. Matafiyi mai shekara 21 zuwa sama yana iya shigowa da lita 1 a jakarsa ba tare da biyan kuɗin kwastan ba, amma wannan wata doka ce daban.

Ni da ba ni da lasisi, zan iya aika wa wani kwalba ta gidan waya?

Ba za ka iya ba. Dokar tarayya ta hana gidan wayar Amurka ɗaukar giya, daga kowa, ko mai lasisi ne. An sha gabatar da ƙudurin janye hanin a majalisa don gidan wayar ya samu kuɗin shiga, bai kai ga zama doka ba. UPS da FedEx kuma daga masu lasisi kaɗai suke karɓa, bayan sun sa hannu kan yarjejeniya ta musamman. Masu rubuta "man zaitun" a jikin kwali suna wasa da wuta ne. Ma'aikacin kantin aika kaya da aka kawo wa irin wannan kwali, ƙin karɓa shi ne daidai. Ko kwalin da aka taɓa zuba giya a ciki, gidan waya ba ya karɓa sai an goge tambarin jikinsa.

Ina aikin kai kaya. Me doka take so in yi a bakin ƙofa?

Kwalin zai zo da takarda a manne mai cewa akwai giya a ciki kuma sai wanda ya kai shekara 21 ya sa hannu. Ka ƙwanƙwasa, ka nemi katin shaida mai hoto, ka duba ranar haihuwa, sannan a sa hannu. Ba dole ne mai odar ya karɓa da kansa ba, duk baligin da ya cika shekarun zai iya. Amma ba a ajiye shi a baranda, ba a bai wa yaro ko da ya ce babansa na wanka, ba a bin takardar da aka liƙa a ƙofa cewa a ajiye a bayan tukunyar fure, kuma ba a miƙa wa wanda ake gani a buge yake. In ba kowa, kwalin ya koma mota. Jihohi suna ɗana tarko da matasa don gwada direbobi, kuma laifin yana iya hawa kan direban kansa, ba kamfani kaɗai ba.

Shin yara ba sa samun giya ta wannan hanya?

Shekara 21 ta zama mizani a duk ƙasar ne bayan dokar 1984, wadda ta yi barazanar rage kuɗin gina tituna ga duk jihar da ta ƙi bi. Kan ko aikawa gida na karya wannan shinge, kowane ɓangare yana da takardar da yake ɗagawa. Rahoton hukumar kula da ciniki ta tarayya na 2003 ya ce jihohin da suka buɗe ba su ga wata matsala ta a-zo-a-gani ba. Wani bincike kuma na jami'ar North Carolina da aka buga a 2012 ya sa matasa 'yan ƙasa da shekara 21 sun yi oda 100 ta intanet, 45 suka iso hannunsu. Inda aka fi samun ɓaraka shi ne wurin tantance shekaru, a shafin mai sayarwa da kuma a bakin ƙofa, shi ya sa ake matsa wa direbobi.

Direba Musulmi yana da damar cewa ba zai ɗauki giya ba?

Tambaya ce mai nauyi ga mutanenmu, domin hadisin da ya la'anci mutum goma kan giya ya haɗa da mai ɗauka da wanda aka ɗauko wa. Kashi na bakwai na dokar 'yancin jama'a ta 1964 ya wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama ya sassauta wa ma'aikaci kan addininsa, muddin hakan ba zai jawo wa kamfanin wahala mai yawa ba. A 2015 masu taya alƙali yanke hukunci a Illinois sun ba wasu direbobin tirela biyu 'yan asalin Somaliya diyyar dala 240,000, bayan kamfanin Star Transport ya kore su don sun ƙi ɗaukar giya, alhali musayar kaya tsakanin direbobi abu ne da aka saba yi a kamfanin. A 2023 kuma, a shari'ar Groff da DeJoy, Kotun Ƙoli ta ce 'yar ƙaramar asara ba ta isa hujja ba, sai kamfani ya nuna babbar hasara.

Kada a ɗauki wannan a matsayin tabbacin nasara. Direban tirela da za a canja wa lodi ɗaya daban yake da mai ƙaramar mota da ke raba ɗaruruwan kwalaye a unguwa guda. Ka faɗi buƙatarka a rubuce tun da wuri, kada ka bari sai kaya na kan mota. Wanda kuma ke aiki da manhaja a matsayin ɗan kwangila, wannan doka ba ta rufe shi ba, sai dai yana da damar ƙin karɓar odar da ba ya so.

An aiko mini kwalin giya kyauta daga wurin aiki. Dole in karɓa?

Ba dole. Ana yawan yin haka a watan Disamba. Tunda sai an sa hannu, ka ce wa direba ba ka karɓa ba, zai mayar wa mai aikowa.

Kai giya ta DoorDash ko Instacart duk doka ɗaya ce da wannan?

Ba ɗaya ba ce. Wannan kai kaya ne daga kantin unguwa mai lasisin jihar, giyar ta riga ta bi hawa ukun, ba ta ƙetare iyaka ba. Dokokin kantuna na jihar ne ke aiki a kanta. Abin da ya haɗa su shi ne duba katin shaida, kamar yadda aka faɗa a tambayar bakin ƙofa. Giyar sha'ir da masu ƙarfi irin su wiski ma ba su samu damar da ta inabi ta samu ba. Jihohi kaɗan ne suka yarda a aiko su, ciki har da Kentucky tun 2020.

Wannan bai yi kama da abin da ke faruwa a jihohin arewacin Najeriya ba?

Ta fuska ɗaya ya yi: ƙasa ɗaya, amma jiha ce ke faɗin matsayin giya a cikinta, kamar yadda jihohi 12 suka yi tun daga lokacin da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a 2000, har Hisbar Kano ke tare motocin giya. Amma tushen ya bambanta. A Amurka ikon jihohi a rubuce yake ƙarara a kundin tsarin mulki, kuma gardamar yau ba ta halal da haram ba ce, ta wanda zai ci ribar tsakiya ce. Ƙungiyar diloli ta ƙasa tana gefe guda, ƙungiyar kamfanonin inabi ta Kalifoniya tana ɗaya gefen, kan cinikin da ya haura dala biliyan 4 a 2021 kafin ya soma ja da baya.

Idan kamfani ya aika ba lasisi, wa ake kamawa, kuma mene ne hukuncin?

Mai aikawa ake bi, ba kasafai ake taɓa mai saye ba, shi dai kayansa na iya salwanta. Jiha takan fara da wasiƙar gargaɗi, sai tara, sai ƙwace lasisi in akwai. A shekarun 1990 jihohi irin su Kentucky da Filorida sun mai da abin babban laifi mai kai mutum kurkuku. Wahalar ita ce mai laifin yana wata jiha, hannun hukuma bai kai can ba. Don haka a 2000 majalisar tarayya ta yi dokar da ta ba babban lauyan kowace jiha damar shiga kotun tarayya ya nemi a dakatar da mai aikowa daga waje. Dokar ta yi shekaru ashirin kusan a ajiye, sai a 2020 Ohio da Mishigan suka fara amfani da ita a kan kantunan intanet.

Yadda ake gano su ba wuya. Jihohi da yawa sun wajabta wa UPS da FedEx su kawo rahoton duk kwalin giyar da suka sauke, sai a gwama da rahoton masu lasisi da aka ambata a baya. Kwalin da ya fito a takardar kamfanin sufuri amma babu shi a ta masu lasisi, shi ake bin sawunsa. Hukumar TTB kuma ta bayyana cewa kamfanin da ke karya dokar wata jiha yana iya rasa izininsa na tarayya, wanda in babu shi ba zai sayar da ko kwalba ɗaya ba har a jiharsa.